Kyaftin Sobel azzalumi ne, ko shi ya ƙera Easy Company?

Abba Gwale:
Salamu alaikum 'yan gida. Daren jiya na gama kallon Band of Brothers karo na uku, shirin nan mai kashi-kashi kan Easy Company, wani kamfanin sojojin laima na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai. Duk wanda ya kalla ya san kashi na farko, inda ake horas da sojojin laima a sansanin Toccoa da ke jihar Jojiya a 1942. Kyaftin Sobel yana gasa musu aya a hannu. Gudu kan dutsen Currahee, mil 3 hawa mil 3 gangara. A duba bindigarka a ce an ga tsatsa, a kan haka a soke wa kamfani ɗungurungum hutun ƙarshen mako. Kallona na farko ji na yi kamar in shiga talabijin in shaƙe shi. Wannan karon kuwa sai nake ganin an zalunci mutumin nan. Yaran da ya horar su ne suka dira Normandi, suka yi Holan, suka tsaya a Bastogne cikin ƙanƙara ba su ja da baya ba. To wa ya ƙera su? Sobel ya yi noma, Winters, hafsan da ke ƙarƙashinsa wanda daga baya ya jagoranci kamfanin, ya zo ya girbe. Winters aka yi wa mutum-mutumi a Faransa, Sobel kuma duniya ta mai da shi abin dariya. Ina son jin ta bakinku, musamman Baba Saje tunda shi ya sa kaki.

Nura Mai Waya:
Haba Abba! Mutumin da ya sa aka dafa wa yara taliya, aka ce musu yau babu gudu, suka cika ciki dam, sannan ya shigo yana hura usur wai a hau dutse? Suna gudu suna amai fa. Wannan ba horo ba ne, mugunta ce tsagwaronta.

Abba Gwale:
Su Jamusawa za su jira abinci ya narke maka kafin su kawo hari?

Nura Mai Waya:
Hhhh to ai shi ke nan, gobe in ka ci tuwo ka zo in bi ka da bulala har Goron Dutse.

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam. Ni maigidana ne ya sa ni kallonsa, kuma ban yi zaton zan kai ƙarshe ba saboda ba na son ganin jini. Abin da na lura da shi game da Sobel ba tsananin ba ne. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, na san malami mai zafi wanda ɗalibai ke tsoro kuma suna ƙaunarsa. Shi Sobel laifi yake nema ido rufe, in bai samu ba ya ƙirƙira. Akwai inda ya umarci Winters ya kawo masa sunayen mutanen da za a hukunta, alhali babu wanda ya yi komai. Yaro yana gane lokacin da kake hukunta shi don ya gyaru da lokacin da kake yi don a san kai ne babba. Ko ɗan aji uku na firamare yana ganewa, balle ƙarti majiya ƙarfi.

Baba Saje:
Abba ɗana, na ga kirana. Ina masallaci ne.

Maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ka haɗa abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Horas da kurtu daban, kai mutane fagen daga daban. A wurin horo ana so a karya maka wannan girman kan da ka zo da shi daga gida, a nuna maka jikinka zai iya abin da kai kanka ba ka yarda zai iya ba. Nan kam Sobel ya yi. Ka kuma lura shi ma yana hawan dutsen tare da su, ba a mota yake bin su ba. Wannan na ba shi.

Amma bari in ba ka labari. Lokacin da muke kurata muna da masu horo biyu, ba zan faɗi suna ko wuri ba. Na farkon ya fi zafi nesa ba kusa ba. Tsallen kwaɗo har sai cinyarka ta daina jin umarninka, birgima cikin taɓo, tsayuwa da bindiga a sama rana tsaka. Amma ranar da muka dawo daga doguwar tafiya, da tsakar dare sai ga shi da cocila yana bi gado-gado, kowa ya miƙo ƙafa. Yana duba bororo. Nawa ya fashe ya manne da safa, shi da kansa ya jiƙa safar da ruwa ya ɓamɓare a hankali, yana yi yana zagina wai ban iya ɗaure takalmi ba. Na biyun bai kai shi wahalarwa ba, amma ba ya taɓa hukunta mutum sai in akwai hafsa a kusa da zai gani. Mu duka mun san don wa yake yi. Na farkon da zai ce mu faɗa wuta, wallahi sai mun faɗa. Na biyun ko rijiya ya nuna ya ce akwai ruwa, sai mun leƙa tukuna.

Sobel irin na biyun ne da zafin na farkon.

Malama Hadiza:
Baba, wannan na duba ƙafa ya taɓa ni wallahi.

Abba Gwale:
Baba Allah ya ƙara girma, na ji. Amma ko da ƙiyayya ce ta haɗa kansu, ai dai sun haɗu. Tsanar Sobel ce ta mai da su tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Sakamako ake dubawa.

Ɗan Tarihi:
Abba ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Stephen Ambrose, wanda daga littafinsa na 1992 aka ɗauko shirin, ya zauna da tsofaffin sojojin kamfanin, kuma da yawansu duk da tsanar da suke yi wa Sobel sun amsa cewa shi ya gina su. To amma mu tuna ba Easy kaɗai ke hawan Currahee ba. Rejimanti ta 506 gaba ɗaya a ƙarƙashin Kanar Robert Sink take shan wannan wuya. A Disambar 1942 bataliya ta biyu, wadda Easy ke ciki, ta taka da ƙafa daga Toccoa zuwa Atlanta, sama da mil 100, cikin sanyi da ruwan sama, da kaya a baya. Daga nan aka kai su Fort Benning, inda sai ka yi tsalle 5 daga jirgi kafin a liƙa maka fukafukai a ƙirji. Kuma dukkansu sa kai suka yi, ba tilasta musu shiga sojan laima aka yi ba. Akwai ƙarin dala 50 a wata ga ƙaramin soja, wanda a lokacin kusan ninka albashi ne. Ke nan tun asali zaɓaɓɓu ne. Sobel ƙarfe mai kyau aka ba shi ya sa a wuta.

Abin da ya kayar da shi kuwa ba mugunta ba ce. Taswira ce.

Baba Saje:
Yauwa! Nan nake son a zo. Soja zai yafe maka zagi, zai yafe maka gwale-gwale. Ba zai yafe maka ka ɓatar da shi a daji ba. Hafsan da ya riƙe taswira yana jujjuya ta, yaransa na bayansa suna kallon juna, wannan ya gama yawo. A atisaye abin dariya ne. A yaƙi gawa ce.

Nura Mai Waya:
Wurin nan da suka je Ingila ya ɓace a gonar mutane, wani sojansa mai suna Luz ya ɓuya bayan shuke-shuke ya kwaikwayi muryar Manjo Horton ya ce a yanke wayar shingen! Sobel ya yanke, shanu suka ɓalle suka cika gari. Na maimaita wurin nan ya fi sau goma.

Ɗan Tarihi:
A ƙauyen Aldbourne suke lokacin, sun isa Ingila a Satumbar 1943. A can ne kuma ya tona wa kansa rami. Ya ba Winters umarnin duba ban-ɗaki a wani lokaci, daga baya ya sauya lokacin da minti 15, saƙon bai isa ga Winters ba, sai ya rubuta masa takardar laifi. Ya ba shi zaɓi: ko ya karɓi hukuncin hana fita hutu, ko a kai shi kotun soja. Lissafinsa shi ne Winters, mutumin da ba ya shan giya ba ya yawon gari, zai sa hannu kawai a wuce wurin. Sai Winters ya rubuta cewa a kai shi kotun. Aka ɗauke shi daga kamfanin aka mai da shi mai kula da ɗakin girkin bataliya kafin a warware. Nan ne sajajin suka ga za a shiga Faransa da Sobel, babu Winters. Suka rubuta takardu cewa sun ajiye igiyoyinsu, ba za su yi aiki a kamfanin ba.

Baba Saje:
Yara ba za ku gane nauyin wannan ba. Bore ne a lokacin yaƙi. Hukuncinsa yana iya kaiwa ga harbi. Saje ba ya wasa da igiyarsa, shekaru ya yi kafin a ɗinka masa ita. In ka ga sajajin kamfani sun haɗa baki sun sa wuyansu a kan wuƙa, sun riga sun yi lissafi ne sun ga bin mutumin nan ya fi kotun soja haɗari. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma Kanar ɗin ya burge ni. Ya ci mutuncinsu, ya sauke wani, ya kori wani daga rejimantin, don kada gobe kowa ya ce shi ma zai zaɓi kwamandansa. Sannan a hankali ya zare Sobel ya tura shi makarantar koyon tsalle a Chilton Foliat, aka yi kamar ci gaba aka ba shi. Ya hukunta masu gaskiya kuma ya yi aiki da gaskiyarsu. Tsohon hannu ke nan.

Malama Hadiza:
Ikon Allah kuma, cire shin ne ya tsawaita masa kwana ko? Wanda ya gaje shi ai bai ko taka ƙasar Faransa ba.

Ɗan Tarihi:
Haka ne Malama. Laftanar Thomas Meehan. An harbo jirginsa a daren 6 ga Yunin 1944, babu wanda ya fita. Shi ya sa ragamar ta faɗo hannun Winters, wanda ya riga ya koma kamfanin, a ranar farko, mutumin da ya dira babu ko bindiga domin jakar da ya ɗaure a ƙafa iska ta fizge ta. Da gari ya waye aka ce masa akwai igwa 4 na Jamusawa a Brécourt suna ruwan wuta kan hanyar fitowa daga gaɓar Utah, inda sojojin Amurka ke sauka daga teku, ya je ya yi maganinsu. Mutanensa ba su fi goma sha 'yan kai ba, waɗanda ke gadin wurin kuwa sun kai wajen 50. Ya kafa mashinga biyu su danne musu kai, ya shiga ramin da ya haɗa igwogin daga gefe, suka riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗun wani hafsa mai suna Speirs ne ya zo da 'yan kamfanin D suka gama da ita. Abin dariyar, a cikin ramin Winters ya tsinci taswirar da ke nuna wuraren igwogin Jamusawa na yankin, ya gane darajarta nan take ya miƙa ta sama. Abba, ka sa Sobel a wannan rami ka gaya min.

Abba Gwale:
To ai ban ce ya iya yaƙi ba. Cewa na yi waɗanda suka bi Winters cikin ramin, da ƙafafun da Sobel ya gina suka bi shi.

Issoufou Damagaram:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Na kalli shirin, ya yi kyau, amma har ya ƙare ina jin wani abu a maƙogwaro. Kamar Turawa ne kaɗai suka yi yaƙin Hitila. A Agustan 1944 sojojin Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa suna cikin waɗanda suka sauka a kudancin Faransa. Kuma a watan da su Winters ke cikin ƙanƙarar Bastogne, ranar 1 ga Disambar 1944, sojojin Faransa suka buɗe wa tsofaffin sojojin Afirka wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, don sun nemi haƙƙinsu na albashi. Su wa zai kashe musu dala miliyan ɗari da wani abu ya yi musu fim?

Ɗan Tarihi:
Malam Issoufou ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Namu na Najeriya da Gana Bama aka kai su, runduna ta 81 da ta 82, kuma Hausa ce harshen bariki a rejimantin Najeriya. A kwarin Kaladan ta sama ake jefo musu abinci da harsashi da laima domin babu hanyar mota. Sunayen barikokin nan da muke ji, Arakan da Myohaung a Legas, Chindit a Zariya, duk daga can suka samo asali. Ko a Bastogne ɗin ma akwai bataliyar igwa ta 969 ta baƙaƙen fatar Amurka da ta tsaya tare da runduna ta 101, wadda Easy ke ciki. Sojan Amurka a lokacin a rarrabe yake bisa launin fata. Suna da bataliyar laima ta baƙaƙe, ta 555, ba a kai su yaƙi ba, kashe gobarar daji aka tura su a 1945.

Malama Hadiza:
Kakan mahaifiyata ɗan Bama ne. Abin da ya rage mana nasa lambar girma ɗaya ce a cikin gwangwanin alawa, sai labarin cewa har ya rasu ba ya son jin ƙarar jirgin sama.

Nura Mai Waya:
Allah ya jiƙan maza. Amma a buɗe wa wannan zaure nasa daban don Allah, don ni ban gama da Abba ba. Abba, in zafi ne shugabanci, me za ka ce da Dike, wanda ya riƙe kamfanin a Bastogne? Shi ai ba ya zagin kowa.

Abba Gwale:
Dike ai ba shugaba ba ne, baƙo ne. Kullum ya tafi "hedikwata", yara na cikin rami ana yi musu luguden wuta.

Baba Saje:
Kashi na bakwai ke nan, kuma a wurina ya fi kowanne. Ku bar kallon hafsoshi, ku kalli Lipton. Samanjan kamfani. Shi ke bi rami-rami, ya tsaya nan ya yi wasa, ya tsaya can ya tambayi mutum ƙafarsa. Ya san Dike fanko ne, amma in yara suka fara zagin Dike sai ya kwaɓe su, domin ya san ranar da suka daina ganin girman kujerar, kamfanin ya watse. Sannan ya je wurin Winters shi kaɗai, a keɓe, ya faɗa masa gaskiya cewa mutumin nan zai jawo a kashe mutane. Haka ake yi. Ba a gaban yara ba.

Ranar harin ƙauyen Foy da ke kusa da Bastogne kuma kun gani. An fito fili, ana harbi, Dike ya tsayar da mutane a bayan tarin ciyawa ya rasa abin faɗa. A fili in ka tsaya ka zama abin saiti. Winters ya saɓi bindiga zai ruga, Kanar ya tuna masa yanzu bataliya ce a hannunsa ba kamfani ba. Wannan ma darasi ne mai ɗaci, ka ga yaranka na mutuwa kuma aikinka shi ne ka tsaya ka tura wani. Ya waiga ya ga Speirs, ya tura shi ya karɓi kamfanin daga hannun Dike.

Nura Mai Waya:
Speirs namijin duniya! Ya ratsa ta tsakiyar Jamusawa a guje ya isar da saƙo ga ɗaya kamfanin, sannan ya sake dawowa ta inda ya bi. Su kansu Jamusawan sakin baki suka yi.

Malama Hadiza:
Nura a rage yabo. Wannan Speirs ɗin ba shi ne ake raɗe-raɗin ya raba wa fursunonin yaƙi taba sannan ya harbe su ba? Shirin bai nuna ƙarara ba, amma bai wanke shi ba, shi ma kuma bai taɓa musantawa a ciki ba saboda yana jin daɗin tsoron da ake yi masa. Wanda ya miƙa wuya ba a kashe shi. In Sobel ya yi mulki da tsoro mun zage shi, Speirs ya yi mulki da tsoro mun tafa masa, bambancin kawai shi ya iya yaƙi.

Abba Gwale:
Malama kin faɗi abin da na kasa faɗa tun ɗazu. Na gode.

Baba Saje:
Bambancin ba ƙarami ba ne 'yata, ga wanda ke cikin ramin. Amma maganar fursuna kina da gaskiya, babu kwana-kwana.

Ɗan Tarihi:
Tunda an zo nan, a riƙa tunawa shirin ta idon waɗanda suka rayu suka ba da labari aka yi shi, kuma mutanen Winters ne. Akwai kurakurai. Albert Blithe na kashi na uku, an rubuta a ƙarshe cewa bai warke daga raunin Normandi ba ya mutu a 1948. Ba haka ba ne. Ya warke, ya yi aiki a Koriya, sai 1967 ya rasu yana cikin soja. Iyalinsa ne suka fito suka gyara. Dike ma yana da lambobin yabo na jarumta tun kafin Foy, kuma a cikin sojojin akwai wanda ya ce ya ga an harbe shi a kafaɗa a ranar, ba tsoro ne ya tsayar da shi ba. In an yi kuskure a ranar mutuwar mutum, ana iya yin sa a halinsa.

Sobel kuwa ƙarshensa babu daɗin ji. A 1970 ya yi yunƙurin kashe kansa, bai mutu ba amma ya makance, ya ƙare rayuwarsa a gidan kula da tsofaffin sojoji har ya mutu a 1987. Littafin bai fito ba sai bayan shekara 5, shirin kuma sai 2001. Bai samu damar cewa uffan ba. Winters ya kai 2011, yana da shekara 92, an yi ta hira da shi.

Abba Gwale:
To kun gani. Kuma aka ɗauko David Schwimmer, wanda duniya ta sani da barkwanci, aka ba shi rawar. Tun kafin ya buɗe baki an gama yanke masa hukunci. Har wurin nan na kusa da ƙarshe, da Winters ya zama manjo, Sobel ya zo wucewa ya kau da kai, Winters ya tsayar da shi ya tuna masa aninin kafaɗa ake sara wa. Kowa na jin daɗin wurin. Ni kam tausayi ya ba ni. Yaron da ka rena a hannunka.

Nura Mai Waya:
Yaron da ka so ka kai kotu a kan ban-ɗaki dai.

Abba Gwale:
Na yarda ba zan bi shi yaƙi ba. Amma in ɗana zai tafi yaƙi, ina so ya fara bi ta hannunsa. A nan na tsaya.

Malama Hadiza:
Ni kuma in nawa ne, a ba ni mai cocilan nan na Baba. Baba, don Allah ka sake haɗuwa da su bayan kun gama?

Baba Saje:
Mai cocila ban sake ganinsa ba, labarin rasuwarsa kawai na ji, Allah ya jiƙansa. Na biyun kuwa na gan shi shekarun baya a layin tantance 'yan fansho. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda, takardunsa a cikin leda baƙa. Tun daga nesa na gane shi da tafiyarsa. Shekara da shekaru ina tanadin abin da zan gaya masa in mun haɗu. Da na matsa sai na ga hannunsa na rawa, ya kasa ɓalle bakin ledar. Na karɓa na buɗe masa, na sayo masa ruwa, na ba shi wurina a benci.

Bai gane ni ba. Ya tambaye ni wace shekara na shiga, na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce to lallai ta hannuna ka bi. Na ce ƙwarai kuwa Oga.

An kira isha'i, sai da safenku.